Karatun Girkanci da Latin a jami'a: hanya ce ko ɓata shekaru?

Sa'idu, Tawa

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da iyaye da ƴan'uwa da ke wannan zaure, ina kuma neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito. Na samu bak a ɓangaren adabi a nan Tawa, kuma abin da raina ya kwanta da shi shi ne in karanta Girkanci na dā da Latin, tare da tarihi da al'adun mutanen da suka yi magana da su. Sha'awar ta samo asali ne daga wani malaminmu na Faransanci, wanda ba ya barin kalma mai wuya ta wuce sai ya rubuta tushenta a allo. Wata rana ya nuna mana cewa kalmar lekol da muke faɗa kullum ta biyo ta Faransanci ne daga Latin, shi kuma Latin ya aro ta daga Girkanci, daga skhole, wadda ma'anarta ta farko ita ce hutu, wato sararin da mutum kan samu daga aikin ƙarfi har ya zauna ya yi tunani. Ƴan ajinmu suka fashe da dariya, domin babu wanda ya taɓa ganin hutu a lekol, amma ni tun daga ranar nake bin sawun kalmomi.

Niyyata ita ce in nemi gurbi a Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, inda akwai sashen tsofaffin harsuna da al'adunsu. Kawuna, wanda shi ke riƙe da ni tun rasuwar mahaifina, bai amince ba. Ya ce harsunan matattu ne, ya ce karatun gumaka ne da na coci, ya kuma tambaye ni wane ofis ne zai ɗauke ni aiki da su, alhali ga karatun shari'a nan a jami'ar garinmu ba tare da na bar gida ba. Ban iya ba shi amsa ba, domin ni kaina ban taɓa yin darasin Latin ko sau ɗaya ba, abin da na sani kawai shi ne nahawun Larabci da na karanta a zaure har na sauke Ajurumiya. Shin wanda ya fara daga tushe a wannan shekaru zai iya kai labari? Kuma me zan gaya wa kawu wanda ba yaudara ba ce?

Malam Isufu, Yantala, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana Sa'idu. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makarantar boko, na karanta waɗannan harsuna biyu a ƙuruciyata, na kuma koyar da Faransanci har na yi ritaya, saboda haka zan tsaya a kan abin da na sani, wato karatun kansa.

Kada baƙaƙen Girkanci su ba ka tsoro. Guda 24 ne, kuma yaron da ya iya karanta boko da ajami zai haddace su cikin mako ɗaya. Latin kuwa da baƙaƙen da ka sani ake rubuta shi. Inda aikin yake shi ne ƙarshen kalmomi. A Hausa da Faransanci wurin da kalma ta zauna a jimla shi ke nuna wanda ya aikata da wanda aka aikata wa, amma a Latin wutsiyar kalma ce ke nunawa. Idan aka ce puella puerum videt, yarinya ce ke ganin yaro. Idan aka ce puellam puer videt, ko da yake yarinya ce a gaba, yaron ne ke ganinta, domin ƙaramin harafin da ya ƙaru a ƙarshen sunanta ya mayar da ita wadda aiki ya faɗa wa. Ɗaliban da suka taso da Faransanci kaɗai sukan yi watanni kafin wannan ya zauna musu. Kai kuwa da ka sauke Ajurumiya ka riga ka san shi da sunan i'irabi, ka san abin da ya raba Zaidun da Zaidan da Zaidin. Bambancin kawai shi ne sunan Larabci hali uku yake da shi, na Girkanci biyar, na Latin shida, kuma sunayen Latin sun kasu gida biyar, kowane gida da irin nasa wutsiyoyin. Tsohon Girkanci ma yana da musanna kamar Larabci, siga ta musamman don abu biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, fi'ilin Girkanci dutse ne. Aikatau guda yana iya fitowa a sigogi ɗaruruwa, kuma ga kowane ɗaya sai ka haddace ginshiƙansa shida kafin ka iya gane shi a duk rigar da ya sako. A shekarar farko wannan hadda ce ke tace ɗalibai, ba wahalar tunani ba. Wanda ya saba da tilawa kullum da asuba, ya san cewa karatun da aka bari kwana uku yakan gudu, ya fi kowa dacewa da ita. Minti arba'in kowace rana sun fi awa shida ranar Lahadi.

Ayyukan aji iri biyu ne a tsarin jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci. Akwai wanda ake ba ka nassin Latin ko Girkanci ka juya shi zuwa Faransanci, akwai kuma wanda ake ba ka Faransanci ka mayar da shi tsohon harshe, kuma wannan na biyun shi ke tona asirin wanda bai riƙe nahawu ba. Abokan zamanka ƙamusu biyu ne: na Gaffiot na Latin, wanda ya fito a 1934, da na Bailly na Girkanci, wanda ya fito a 1895. A zamaninmu da rance da roƙo ake samunsu, yanzu kuwa dukansu suna intanet kyauta, har a wayar hannu. Nassoshin kuma za ka same su a jerin littattafan Budé, masu bango rawaya na Girkanci, masu ja na Latin, asalin nassi a shafi ɗaya, fassararsa a shafin da ke fuskantarsa. Akan fara da marubuta masu miƙaƙƙen zance, kamar Yuliyus Kaisar a labarin yaƙe-yaƙensa na ƙasar Gol, da Zenofon a labarin sojojin hayar Girka dubu goma da suka yi ta neman hanyar komawa gida daga tsakiyar daular Farisa. Daga nan a hau Sisero da Aflatun, sannan waƙa.

A wurin waƙar nan ne na gano wata baiwa da Bahaushe ke da ita bai sani ba. Waƙar Girka da ta Rum ba a kan amsa-amo aka gina su ba, a kan nauyin gaɓa aka gina su, doguwa da gajeriya, kamar arulin Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa. Baitin Homa mawaƙin Girka da na Birjil mawaƙin Rum ƙafa shida ne, kowace ƙafa doguwar gaɓa ɗaya da gajeru biyu, ko dogaye biyu. A Latin malum da gajeren wasali sharri ne, da dogon wasali kuwa tuffa ce, daidai yadda mu muke raba garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Abokan karatuna da harshensu bai raba dogon wasali da gajere ba da fensir suke ƙirga gaɓoɓi, suna ɗiga alama a kan kowace ɗaya, ni kuwa kunnena ke gaya mini. Tsohon Girkanci har karin sauti yake da shi, murya ta hau ta sauka a kan gaɓa, kuma alamomin da za ka gani a kan wasulansa abin da suke nunawa ke nan tun asali. Ƙari a kan haka, wani masani Ba'amurke, Milman Parry, ya je Yugoslabiya a shekarun 1930 ya naɗi mawaƙan baka, ya tabbatar da cewa kirarin da Homa ke maimaita wa jarumansa kayan aikin mawaƙin baka ne da ke shirya baiti a gaban jama'a. Turawa sai da suka yi wannan doguwar tafiya kafin su fahimci abin da duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗan fada ko na ƴan kokawa ya sani.

Game da shekarunka, ba ka makara ba. Ogastin, babban malamin Kirista mai rubutu da Latin, wanda aka haifa a 354 a garin da ake kira Suk Aharas yau a Aljeriya, ya rubuta da kansa cewa yana yaro ya tsani Girkanci saboda da barazana da horo aka koya masa shi. Kai da ƙafarka za ka je, wannan kuwa riba ce babba.

Hajiya Zainabu, Yamai

Ina gaida Malam Isufu, Allah ya ƙara lafiya. Bayaninsa ya yi daɗi, har ni ma ya sa na ji kamar in koma aji, amma yaron nan tambaya biyu ya yi, kuma ta biyun ce ke hana kawunsa barci. Ni shari'a na karanta, a cikinta nake aiki shekara da shekaru, bari in faɗi nawa ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Sa'idu ɗana, ba na musun amfanin Latin. Dokar farar hula da muke aiki da ita mun gaje ta ne daga kundin Faransa na 1804, shi kuma ya sha sosai daga dokokin Rum waɗanda sarki Jastiniyan ya sa aka tattara, babban kundinsu ya fito a 533. Har yau lauya yakan tashi a kotu ya ce pacta sunt servanda, wato alkawari kaya ne, ko in dubio pro reo, wato idan akwai shakka a rinjayar da ita ga wanda ake tuhuma. Amma waɗannan jimloli daga wani ɗan ƙaramin littafi na haddace su cikin watanni kaɗan, ban bukaci lisansi ba. Haka likita yake koyon tushen kalmomin Girkanci da ke cikin sunayen cututtuka, haka malamin gona yake sanin cewa albasar Galmi Allium cepa ce, gawo kuma Faidherbia albida, ba tare da ɗayansu ya karanta Birjil ba. Wanda ya ce maka Latin na taimaka wa shari'a ya faɗi gaskiya, amma wannan hujja ce ta karanta shari'a tare da ɗan Latin, ba ta barin shari'a ba.

Ka yi lissafi da kyau. Lisansi shekara 3, masta 2, dakta 3 idan komai ya tafi daidai. Wanda ya tsaya a lisansi ko masta a wannan fanni, mafi yawan abin da ke gabansa shi ne koyar da Faransanci a kolej ko lise, aiki mai daraja amma wanda akwai gajeriyar hanya zuwa gare shi. Wanda ke son ya ci abinci da Girkanci kansa sai ya kai ƙarshe ya zama mai bincike, shekara takwas ke nan a ƙasar mutane, da kuɗin haya da na abinci da na mota, a wuyan mutumin da ke da nasa ƴaƴan. Idan babu bursi, wato tallafin karatu, a hannu, ban ga adalci a ɗora masa wannan ba.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana damuna. Wannan karatu da mulkin mallaka ya shigo mana, kuma an yi amfani da shi wajen auna wanda ya waye da wanda bai waye ba. Senghor, shugaban ƙasar Senegal na farko, wanda ya ci babbar jarrabawar malanta ta nahawu a Faransa a 1935, ya kuma koyar da ƴaƴan Faransawa Latin a garin Tur, shi ne ya rubuta cewa shauƙi na baƙar fata ne kamar yadda hankali yake na Girkawa. Ka ga inda zurfin karatun ya kai shi. Yanzu kuma kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ana bukatar masu rubuta nahawu da ƙamus da littattafan makaranta. Yaro mai son bin sawun kalmomi kamarka, me ya sa ba za ka bi sawun namu ba?

Malam Abdurrahman, Bukoki, Yamai

Bismillah. Ni a Jami'ar Musulunci ta Say na yi karatu, bayan shekarun zaure, kuma zan taɓa maganar kawu ta cewa karatun gumaka ne, domin ita ce na ga ba a amsa ba.

Ɗan'uwa Sa'idu, ka gaida kawu, ka tambaye shi cikin ladabi ko ya san littafin Ahalari. Zai ce maka babu almajirin da bai fara fiƙihu da shi ba. To shi wannan Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya wallafa Sullam, waƙen da ake koyon manɗiƙi da shi a zaurukanmu har gobe. Manɗiƙin nan kuwa na Aristo ne. Isaguji da manyan ɗalibai ke karantawa, sunansa ma Girkanci ne, eisagoge, ma'anarsa gabatarwa, kuma asalinsa ɗan littafin da Farfuriyus mutumin Taya ya rubuta a ƙarni na 3 don shigar da ɗalibai cikin manɗiƙin Aristo. Mun daɗe muna shan ruwan wannan rijiya, sai dai ta gugar Larabci.

Yadda abin ya zo sananne ne. A Bagadaza, musamman zamanin halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an fassara littattafan Yunan, wato Girka, na likitanci da lissafi da falaki da falsafa, wasu kai tsaye daga Girkanci, wasu ta hanyar Suryananci. Hunain bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, shi da ɗalibansa suka juya mafi yawan littattafan Jalinus, likitan Girka. Daga baya kogin ya juya: a garin Toledo na Andalus aka mayar da Ƙanun na Ibn Sina zuwa Latin a ƙarni na 12, sharhohin Ibn Rushd a kan Aristo su ma suka shiga Latin, jami'o'in Turai suka yi ƙarnuka suna karanta su. Wanda ke son ya bi wannan silsila daga farkonta zuwa ƙarshenta sai ya riƙe harsuna uku, kuma masu riƙe da ukun ba su da yawa a ko'ina.

Ban ce babu saɓani ba. Shi kansa Ahalari ya kawo shi a cikin Sullam: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta shagaltuwa da manɗiƙi, wasu sun ce ya kamata a san shi, sannan ya rinjayar da halaccinsa ga mai cikakken hankali wanda ya goge da Littafi da Sunna. Gazali ya yi wa masu falsafa raddi mai zafi a kan aƙida, amma ya riƙe manɗiƙinsu ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulu. Shehu Magili, wanda ya ratsa Ayar ya zauna Kano da Katsina da Gawo a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare manɗiƙi, shi kuma Suyuɗi yana hana shi. Ka ga ke nan muhawarar da ke tsakaninka da kawu ta girme ku da shekara ɗari biyar a wannan ƙasa tamu.

Amma labaran allolin Girka, ba shakka za ka karanta su, domin waƙoƙinsu cike suke da su. Mu ma a zaure muna karanta Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan jahiliyya, da rantsuwoyinsu da giyarsu, don mu ƙware a luga, kuma ba a taɓa cewa malamin da ya karantar da su ya bar addini ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Sarkin Rum Hiraƙla, wanda aka aika wa wasiƙa, Girkanci ne harshen fadarsa, shi ya sa ya kira tafinta lokacin da ya yi wa Abu Sufyan tambayoyi. Ko alƙalamin da kawu ya yi rubutun allo da shi, sunansa ya zo mana daga Larabci, masana harshe kuma suna danganta shi da kalamos na Girkanci, wato kara, abin da muke fere alƙalami da shi har yau. Dinari da dirhami da ake lissafin zakka da sadaki da su, na farko daga denarius na Rum yake, na biyu daga drakhme na Girka.

Sharaɗina guda ne, kuma a kansa ina tare da Hajiya ta wata fuska: kada ka saki Larabcinka. Idan ka bar Ajurumiya ta tsaya inda ta tsaya, za ka zama ɗaya daga cikin dubban masu Latin na duniya, kuma a bayansu za ka tsaya. Idan ka ci gaba har Alfiyya kana riƙe da Girkanci, ka shiga sahun da ba shi da cunkoso.

Hadiza, Harobanda, Yamai

Ina gaida iyayena da suka rigaye ni magana. Ni ɗalibar masta ce a tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma da izinin Inna Hajiya ina so in ja da maganarta ta ƙarshe kaɗan, domin a ganina tarihin mulkin mallaka hujja ce ta koyon harsunan nan, ba ta barinsu ba.

Mafi daɗewar rubuce-rubucen da suka yi zancen Sahara da abin da ke bayanta, da yawansu da Girkanci da Latin suke. Herodot, marubucin tarihi na Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wasu samari daga gaɓar Libiya da suka ratsa hamada kwanaki masu yawa har suka isa wani gari na baƙaƙen mutane a bakin babban kogi mai kadoji, wanda ke gudu daga yamma zuwa gabas. Wasu masana sun ce kogin Kwara ne, wasu sun ƙi. Shi ne kuma ya ambaci Garamantawa masu karusan dawaki huɗu, waɗanda babban birninsu yake Jarma a Fezzan, ga kuma zanen karusai a duwatsun Ayar. Filiniyus, marubucin Rum, ya jero sunayen garuruwan da kwamandan Rum Korneliyus Balbus ya yi bikin cinye su a 19 kafin haihuwar Annabi Isa. Batalimus, masanin labarin ƙasa, a ƙarni na 2, ya ambaci wani kogi Nigeir, ya kuma kawo labarin Yuliyus Maternus wanda ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata huɗu zuwa kudu, har ƙasar Agisimba inda karkanda ke taruwa. Ina Agisimba take, Ayar ce ko yankin tafkin Cadi? Jami'an mulkin mallaka sun yi ta zana taswira a kan waɗannan ƴan layuka yadda ya dace da ra'ayinsu, cewa duk wani abin kirki daga arewa ya gangaro mana. Mu kuma a aji fassarar Faransanci muke karantawa, ba mu da yadda za mu duba ko mai fassara ya ƙara gishiri.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Cheikh Anta Diop, masanin tarihi ɗan Senegal. Ɗaya daga cikin hujjojinsa a kan asalin Misirawan dā ita ce wani wuri a littafi na biyu na Herodot, inda ya siffanta mutanen Kolkis, wata ƙasa a gaɓar Baƙin Teku, da Misirawa da kalmomi biyu, melankhroes da oulotrikhes. Shin ta farko baƙar fata take nufi ko duhun fata kawai, ta biyu kuma irin gashinmu ne ko gashi mai lanƙwasa? An yi ta gardama a kan wannan, shi kuma Diop ya kare matsayinsa a kan Misirawa a taron da UNESCO ta shirya a Alƙahira a 1974 tare da Théophile Obenga. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, ba zai iya sa baki a muhawarar ba sai ya san yadda sauran marubutan Girka suka yi amfani da waɗannan kalmomi.

Sannan Latin ba na Turai kaɗai ba ne. Terens mai wasan kwaikwayo a Kartaj aka haife shi, Apuleyus ɗan Madaura ne a Aljeriyar yau, sarki Saftimiyus Seferus da ya mulki Rum daga 193 zuwa 211 ɗan Lebda ne a Libiya. Jami'ar Ibadan na koyar da waɗannan harsuna tun kafuwarta a 1948, akwai su a Legon ta Gana da kuma Alƙahira. Ƙanena Sa'idu, idan ka tafi ka dawo, ni ce ta farko da za ta kawo maka nassin Batalimus ka karanta mini.

Malam Isufu, Yantala, Yamai

Hajiya ta yi gaskiya a kan lissafin kuɗi, kuma ni shaida ne, domin Girkancina bai taɓa ƙara mini ko dala a albashi ba. Inda ban bi ta ba shi ne raba wannan karatu da hidimar Hausa. Wanda ya yi shekaru yana juya jimlar Sisero mai layi goma zuwa wani harshe ya koyi aikin da mai fassara doka ko littafin kimiyya zuwa Hausa ke bukata, kuma wanda ya san abin da gutsattsarin kalmomin kimiyya ke nufi a Girkanci shi zai iya ƙirƙiro musu takwarori, maimakon ya ɗauko kalmar Faransanci ya sa mata hula. Ɗana, kafin ka sake tayar da maganar a gida, ka gwada kanka. Ka sauke littafin koyon Latin na masu farawa, ka yi wata biyu kana aiki da shi kullum. Idan ka kai gida na uku na sunaye kana jin daɗi, to da gaske kake.

Sa'idu, Tawa

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya bayan isha'i na karanta wa kawu amsoshinku duka, ban tsallake ta Inna Hajiya ba, kuma ita ce ya sa na maimaita masa sau biyu. Da na zo kan Sullam ya yi shiru, sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da nasa kwafin, wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Bai ce ya amince ba. Abin da muka tsayar shi ne in yi rajistar shari'a a nan Tawa bana don kada shekara ta tafi a banza, in ci gaba da nahawu wurin malaminsa, in kuma yi gwajin wata biyun da Baba Malam ya faɗa. Idan na samu bursi baɗi, za a sake zama a kan maganar Dakar, idan ban samu ba kuwa ya ce kada in ƙara ambata masa ita.

Baba Malam, na fara gidan farko na sunaye yau da safe, kuma tuni na ci karo da matsala: rosae na iya zama na fure, ko ga fure, ko furanni. Idan na same ta a tsakiyar jimla, ta ina zan fara gane wadda ake nufi?